Yadda Ake Zaɓen Ƙaramar Na'urar Sauraro ta Aljihu

A kasuwannin Magarya da Dungas, har da ƙananan kasuwannin ƙauye masu ci mako-mako, da wuya a rasa teburin mai sayar da ƴan ƙananan na'urorin sauraro. Wasu suna kiran su rediyo mai memori, wasu kuma suna cewa MP3. Akwai wadda ba ta wuce akwatin ashana ba, akwai mai girman tafin hannu. Aikinsu ɗaya ne: su ajiye sauti, su maimaita shi duk lokacin da mai su ya so. Manomi yakan saurari waƙa da ita yana noma, uwargida takan ji wa'azi tana surfe, ɗalibin ajin yaƙi da jahilci yakan yi bitar darasinsa, dattijon da likita ya umurta da tafiyar ƙasa kowace safiya kuma tana ɗebe masa kewa a hanya.

Kuɗin saye kuwa ba tsintar su ake yi ba. Sau da yawa kuɗin gyaɗa ne ko na riɗi da aka auna a kasuwa, ko kuma ɗaukar adashi da aka daɗe ana jira. Ga shi da yawa daga cikin na'urorin nan sukan mutu tun ba a je ko'ina ba, mai yawan ƙara kuma tana iya raunana jin mutum har ƙarshen rayuwarsa. Saboda haka ya kamata a san abin da za a duba kafin a miƙa kuɗi. Na'urar da ta fi dacewa da wannan yanki ita ce wadda za a iya sake mata batir da kati da abin kunne a kasuwar da ke kusa, kuma a iya sarrafa ta da yatsa ba sai an kalle ta ba. Ƙyalli da yawan fitilu ba su ne abin nema ba.

Daga kaset zuwa kati

Sauraro a wajen gida ba baƙon abu ba ne a Nijar. Tun a 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a ƙasar, inda mutanen ƙauye ke taruwa su saurari shiri, su tattauna a kansa. A 1963 kamfanin Philips ya fito da kaset, a 1979 kuma kamfanin Sony na Japan ya ƙera Walkman, wato ƴar rakoda da ake ratayawa a ɗamara a saurara da abin kunne. Waɗanda suka manyanta sun tuna zamanin da ake jin Mamman Shata ko Ma'azu Ɗan Alalo a kaset, da yadda rakoda ke cin batir kamar gara, da yadda zaren kaset ke harɗewa sai an sa biro an naɗe shi.

MP3 wata dabara ce ta matse sauti don ya ci wuri kaɗan. Na'urorin aljihu na farko masu karanta shi sun fito a 1998. Kamfanin Apple na Amurka ya kawo iPod a 2001, sannan a 2005 ya fito da wata ƴar mitsitsiya marar gilashi mai suna iPod shuffle, wadda masu guje-guje suka ƙaunace ta ƙwarai. A wannan shekara ta 2005 ne kuma ɗan ƙaramin katin da muke kira memori ya shiga kasuwa, kuma shi ne ya sauya al'amari a ƙasashenmu. Da shi waƙa ta riƙa yawo daga salula zuwa salula ba tare da intanet ba. Ta wannan hanya ce sunan makaɗin nan na Nijar, Mdou Moctar, ya bazu a Sahel kafin Turai da Amurka su san shi.

Apple ya daina ƙera iPod shuffle a 2017, ya kuma rufe babin iPod gaba ɗaya a 2022. Idan aka tallata muku ɗaya a yau, tsohuwa ce, batirinta ya tsufa kuma a like yake a ciki, ba ta karɓar kati, sai da kwamfuta ake zuba mata waƙa. A bar ta ko da an yi araha. Yawancin abin da ke kasuwa yanzu ƙirar ƙasar Sin ne, da yawa kuma ta Kano suke biyowa su tsallako iyaka.

Ire-iren da ake samu

Iri na farko shi ne ƴar ƙarama mai maƙali, wadda ake maƙalawa a wuyan riga ko a bakin aljihu. Ba ta da lasifika, sai da abin kunne, wanda wasu ke kira iyafis. Ba ta da nauyi ko kaɗan, shi ya sa ta dace da mai gudu ko mai tafiyar sauri. Aibinta shi ne batirinta ƙarami ne kuma a rufe yake a ciki. Ranar da ya mutu, na'urar ta mutu ke nan.

Iri na biyu shi ne ƙaramar rediyo mai lasifika da wurin sa kati. Yawanci tana da FM, wata ma har da gajeren zango, tana da ramin abin kunne, sau da yawa da ƴar tocila a kai. Ta fi ta farko nauyi, amma tana shiga aljihun babbar riga, kuma mutum biyar ko shida za su iya kewaye ta su saurara tare. A ganinmu, ga mutumin karkara da zai sayi na'ura ɗaya tak, wannan ce ta fi.

Na uku kuwa wataƙila tana hannunku tun tuni, wato wayar salula mai maɓallai. Galibin waɗannan wayoyi suna karɓar kati, suna kama FM. Wanda ke da ita, kuma sauraronsa bai wuce na ɗan lokaci ba a yini, kati kawai zai saya ya huta. Inda matsala take shi ne caji. Wayar da ta yini tana waƙa ba za ta kai dare da wuta ba, dare kuwa shi ne lokacin da ake neman mai mota idan naƙuda ta zo da gardama ko yaro ya kama suma. A gidan da waya ɗaya ce, hikima ce a bar ta ga kira, a ba wata na'ura aikin nishaɗi.

Tambaya ta farko: ina za a sami wuta?

Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuma abin bai kai haka ba ko kusa. A garuruwan da layin NIGELEC ya isa ma wutar ba ta da tabbas. Babban kaso nata daga Najeriya yake zuwa, kuma jama'a ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse layin, sai a 2024 aka maido da shi. Mutumin Guci ko Malawa ko Sassumburum da zai sayi na'ura, wajibi ne ya fara tambayar kansa inda zai riƙa ba ta wuta, da abin da hakan zai riƙa ci masa kowane mako.

Batir iri uku ne a cikin waɗannan na'urori. Akwai wanda ake amfani da shi a yar, wato pil, irin na tocila. Ana samun sa a kowane kanti, amma kuɗinsa ba ya ƙarewa, kuma cikin ƴan watanni abin da aka kashe wajen sayensa zai iya zarce kuɗin na'urar kanta. Akwai mai caji wanda aka like a ciki, ba a iya cire shi sai an fasa. Sai kuma mai caji wanda ake buɗe murfi a ciro shi da hannu. Wannan na ukun shi ne abin nema.

Dalili kuwa shi ne, kowane batir mai caji yana da iyakar kwanansa. Bayan an yi masa caji sau ɗaruruwa, ƙarfinsa yakan ragu, zafin ƙasarmu kuma yana gaggauta tsufansa. Idan na cirewa ne, sai a sayi sabo na'ura ta koma kamar da. Rediyoyi da yawa suna amfani da batir mai faɗi wanda aka rubuta wa BL-5C, irin na tsofaffin wayoyin Nokia, kuma da wuya a rasa shi wurin masu gyaran salula. Wasu kuma suna ɗaukar wani dogo mai kama da guntun rake, mai lamba 18650, wanda ya fi riƙe wuta nesa ba kusa ba. Wata fa'ida ita ce ana iya mallakar batir biyu, ɗaya yana aiki, ɗaya yana wurin mai caji. Ta haka ba sai an bar na'urar da katinta a shagon wani ba, inda kati kan yi ƙafa.

A jikin batir za a ga lamba da haruffa mAh a bayanta. Wannan ma'aunin wutar da yake iya riƙewa ne, kamar yadda ake auna jarka da lita. BL-5C na gaskiya yana riƙe kimanin 1000. Idan aka ga irinsa an rubuta masa 3000 ko 5000, ƙarya ce aka buga a takarda, domin jikinsa ba zai ɗauki haka ba. Batir na jabu kuma sau da yawa ya fi na gaske sauƙin nauyi a hannu.

A duba bakin caji ma. Gara na'urar da bakinta ya yi daidai da igiyar cajin wayoyin da ke gidanku ko na maƙwabta. Mai baki na daban, ranar da igiyarta ta tsinke sai an sha yawo. Wasu rediyoyi suna zuwa da ɗan farantin sola a bayansu. Yana taimakawa, amma ƙanƙanta ta yi masa yawa, ba ya cika batir da wuri, kuma kafin ya yi aiki dole a shanya na'urar duka a rana, abin da ke dafa batir. Farantin sola na daban mai doguwar igiya ya fi: faranti a rana, na'ura a inuwa.

Lasifika ta fi abin kunne shan wuta, ƙara murya kuma yana ƙara shan ta. Haka nan tocila. Wanda ya bar ta a kunne har barci ya ɗauke shi, da safe sai ya nemi mai caji.

Katin memori da yadda ake cutar mai saye

Girman kati da giga ake auna shi, ana rubuta GB. Lissafin mai sauƙi ne. Sautin MP3 mai matsakaicin kyau yana cin kimanin mega ɗaya a minti ɗaya, giga ɗaya kuma kimanin mega 1000 ne. Ke nan giga ɗaya zai ɗauki sauti na awa 16 ko sama da haka kaɗan. Kati mai giga 4 zai ɗauki fiye da awa 60, mai giga 8 kuma fiye da awa 120. Karatun Alƙur'ani sauka guda yana shiga kati mai giga 4 har wuri ya ragu. Wanda ke sauraro awa biyu kullum zai yi wata biyu bai ƙare abin da ke cikin kati mai giga 8 ba.

Saboda haka babu dalilin kashe kuɗi a kan babban kati. Ƙananan na'urori da yawa ma ba sa karanta katin da ya wuce giga 32. Haɗarin jabu kuma a manyan katuna ya fi yawa. Katin jabu an yi masa dabara ne ya riƙa nuna girman da ba shi da shi. Za a rubuta masa 64, a sa shi a waya ya nuna 64, alhali cikinsa bai wuce 2 ko 4 ba. Da farko zai yi aiki lafiya. Sai an zuba masa abin da ya fi cikinsa, sannan waƙoƙi su fara ɓacewa, ko sunansu ya fito amma su ƙi yin magana. Hanyar gane shi ita ce a sa mai turi ya cika katin sosai, sannan a gwada na farkon da aka zuba, da na tsakiya, da na ƙarshe, tun ba a bar shagon ba. Katin da kuɗinsa ya yi araha fiye da kima, akwai lauje cikin naɗi.

Akwai wani abu da ke rikita mutane. Saƙon murya da aka turo ta WhatsApp ba a tsarin MP3 yake ba, ƙananan rediyoyi da yawa kuma ba sa gane shi. Mutum zai zuba wa'azi ko darasi a kati, ya sa a rediyo ya ji shiru, ya ɗauka na'urar ce ta lalace. Lafiyarta lau. A gaya wa mai turi ya juya sautin zuwa MP3 kafin ya zuba. Haka kuma a kashe na'ura kafin a cire kati, domin fizge shi tana cikin aiki yana iya lalata abin da ke ciki. Abin da ba a so a rasa, kamar muryar wani dattijo da ya riga mu gidan gaskiya, a ajiye shi a wuri biyu.

Maɓallai da lambobi

Maɓallan da ake bukata ba su da yawa: na kunnawa da kashewa, na tsayarwa da ci gaba, na tsallakawa gaba, na komawa baya, da na ƙara murya ko rage ta. Alamominsu iri ɗaya ne a duk duniya. Kan kibiya mai duban dama yana nufin fara, sanduna biyu a tsaye suna nufin dakata, alamar tarawa da ta ɗebewa kuma irin waɗanda ake koya a darasin lissafi su ne na murya. A zaɓi maɓallai masu tudu waɗanda yatsa ke ji, domin mai riƙe da hauya ko mai tafiya da asuba ba shi da damar tsayawa kallo. Gilashin shafawa ba ya jituwa da hannu mai gumi ko ƙasa. Idan an sami mai ɗan gare na murzawa don ƙara murya, ya fi sauƙi ga tsofaffi.

Wasu rediyoyi suna da maɓallan lamba daga 0 zuwa 9. Kowane sauti da ke cikin kati yana da lambarsa, sai a danna 47 a ji na arba'in da bakwai kai tsaye, ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Ga ɗalibin ajin manya wannan babbar dama ce. A sami ɗan littafi a rubuta lamba a hagu, sunan waƙa ko darasi a dama. Kowace rana za a karanta, a nemo lamba, a danna. Ba a jin sa kamar aikin makaranta, amma bita ce ta karatu da rubutu da lissafi a lokaci guda. An taɓa gwada makamancin wannan. A 2009 da 2010 an gudanar da wani shiri mai suna ABC a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram, inda aka koya wa ɗaliban yaƙi da jahilci amfani da salula tare da darasinsu, aka kuma tarar sun fi takwarorinsu na sauran azuzuwa cin gwajin rubutu da lissafi. Abin da hannu ke taɓawa kullum ba ya saurin gushewa daga ƙwaƙwalwa.

A lura, na'urori da yawa suna jera sauti ne bisa yadda aka zuba shi, ba bisa sunansa ba. Idan aka goge wani abu ko aka ƙara, lambobi kan iya sauyawa, don haka a rubuta da fensir.

Abu biyu kuma a tambaya. Shin idan aka kashe ta aka sake kunnawa, tana ci gaba daga inda ta tsaya, ko tana komawa farko? Ga mai jin waƙa ta minti biyar wannan ba komai ba ne, amma ga mai bin tafsiri ko darasi na awa guda babban abu ne. Sannan, tana iya ɗaukar murya? Mai iya ɗauka tana da amfani wajen adana bayanin malamin gona ko na ma'aikaciyar asibiti a kan yadda za a sha magani. Sai dai ladabi ne a nemi izinin mutum kafin a ɗauki muryarsa.

FM ma kada a raina shi. Da shi ake jin Muryar Sahel da gidajen rediyon al'umma, da sanarwar rigakafi, da labarin damina, da kokowar takobi da aka fara tun 1975 wadda ke tara gari guda a gindin rediyo. A ƙananan na'urori marasa eriya, igiyar abin kunne ita ce eriyar, in ba a sa ta ba tasha ba ta kamuwa.

Wajen aiki da motsa jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa baligi ya sami motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Tafiyar sauri ta minti 30 sau biyar a mako ta cika mafi ƙarancin wannan. Manomi a tsakiyar damina, da matar da ke daka da jan ruwa a rijiya, sun wuce wannan ma'auni ba tare da sun ƙirga ba. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu yini a zaune: tela, mai kanti, ma'aikacin ofis, direba, da masu hawan jini ko ciwon sukari da likita ya ce su riƙa tattaki. Ga waɗannan, na'urar tana iya zama agogo. Waƙa shida masu minti biyar-biyar rabin awa ke nan. In ta uku ta ƙare sai a juyo gida. Mai ciwon zuciya ko wanda numfashi ke yi wa wuya ya fara jin ta bakin likita tukuna.

Mai gudu da mai buga ƙwallo suna son marar nauyi mai maƙali, domin rediyo a aljihu tana bugun cinya, wata rana ma ta faɗo. Mai tafiyar ƙasa da mai aikin gona kuwa rediyo mai igiyar ratayawa ta ishe su. A zura igiyar abin kunne ta cikin riga don kada ta sarƙe da ƙaya ko ƙotar hauya. Kusa da injin niƙa ko duk wani inji mai bel, kada a rataya komai mai igiya a wuya.

Abin kunne marar igiya, mai aiki da Bluetooth, yana da daɗin sha'ani, amma shi ma sai an yi masa caji, batirinsa ba a sake shi, kuma idan ɗaya ya faɗa cikin yashi da wuya a gan shi. Mai igiya, mai bakin nan na kowa da kowa, ya fi araha kuma ana samun sa ko'ina.

Gumi gishiri gare shi, yana cin ƙarfen da ke cikin na'ura. A goge ta da busasshen ƙyalle bayan aiki. Wasu na'urori masu tsada suna da alamar IP da lambobi biyu a kwalinsu. Ta farko tana nuna kariya daga ƙura, ta biyu daga ruwa. IP67 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma tana jure faɗawa ruwa marar zurfi na ɗan lokaci. Masu araha ba su da wannan kariya, ƴar jakar leda mai tsabta ita ce rigarsu idan hadari ya taso.

A kan titi kuwa doka ɗaya ce: kunne ya zauna a buɗe. Mai tuƙa babur, ko keke, ko amalanke, kada ya toshe kunnuwansa. Mai tafiya a gefen hanyar mota, irin wadda ta tashi daga Magarya zuwa Zinder, ya cire kunne ɗaya, ya kuma bi gefen da zai riƙa fuskantar motocin da ke tahowa. Makiyayi da mai aiki a cikin ciyawa su ma suna bukatar jin abin da ke kewaye da su.

Kiyaye ji

A can cikin kunne akwai wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu kama da gashi, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kashe su, wanda ya mutu kuma ba ya sake tsirowa. Ba a jin zafi yayin da abin ke faruwa, shi ya sa mutane ba sa ankara sai ji ya ragu.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum kimanin 60 ce. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, baligi zai iya sauraron desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, ga yara kuma ma'aunin 75 ne. Da an hau 90, lokacin ya koma awa 4 kacal a mako. A 100 kuwa minti 20 ne. Ƙananan na'urori da abin kunne suna iya wuce 100 idan aka ƙure su. Hukumar ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan ɗaya a duniya suna cikin haɗarin raunin ji saboda irin wannan sauraro.

Ba kowa ke da ma'aunin desibel ba, amma akwai alamu. Kada murya ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura, wato in lambarta tana kaiwa 30, a tsaya a 18 ko ƙasa. Idan wanda ke tsaye kusa da ku, tazarar hannu guda, ya yi magana ba ku ji ba, ƙarar ta yi yawa. Idan shi yana jin abin da ke fita daga abin kunnenku, ta yi yawa. A cikin hayaniyar kasuwa ko tasha ne aka fi ƙure murya don a danne surutu, gara a kashe har a fita. A riƙa ba kunne hutu bayan kowace awa. Wanda ya fara jin ƙugi ko shewa a kunnensa bayan sauraro, ko maganar mutane ta riƙa zo masa a dushe, ya rage nan take, in abin ya ci gaba ya je asibiti. Aron abin kunne kuma yana iya yaɗa ciwo, musamman daga mai kunne mai zubar da ruwa.

A gaban mai sayarwa

Farashi yana hawa da sauka tare da canjin naira da sefa, don haka a zaga teburi biyu ko uku kafin a tsaya. A tafi da kati na gida wanda aka san yana aiki. A sa mai kaya ya buɗe kwali ya kunna wadda za a ɗauka, ba ta gwaji da ke kan tebur ba. A danna kowane maɓalli. A sa abin kunne a ɗan motsa bakinsa, in sauti yana yankewa ramin ya yi sako-sako. A tabbata kunnen dama da na hagu duk suna magana. A nemo tasha a FM. A jona caji a ga fitila ta kama. A buɗe murfin baya a ga batir da ido, a karanta lambarsa, a tambaya ko akwai irinsa na sayarwa a nan. Daga nan sai a yi magana a fili, gaban shaida, a kan kwana nawa za a iya maido da ita in ta ba da matsala. Ɗan kasuwar da ke da rumfa tabbatacciya, wanda za a tarar ran kasuwa mai zuwa, ya fi mai yawo da kaya a hannu ko da nasa ya ɗara da ƴan daloli.

Zafi, ƙura da yara

A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a yankin nan. Kada a bar na'ura a rana, ko a gaban mota, ko kusa da murhu, kuma kada a yi mata caji a ƙarƙashin matashi ko katifa. Batirin da ya kumbura, ko yake zafi fiye da kima, ko yake wari, a cire shi a daina amfani da shi. Kada a huda shi, kada a jefa shi cikin wuta, domin yana iya fashewa. Lokacin hunturu ƙura takan cika ramin caji da na abin kunne, sai a share da busasshen tsinke a hankali, ba da allura ba, ba kuma da ruwa ba. Idan za a ajiye na'ura mai pil ta daɗe, a cire su, don ruwansu yana tsiyaya ya cinye ƙarfe.

Katin memori bai kai farcen yatsa ba, yaro mai rarrafe zai iya haɗiye shi. Wanda ya fi shi haɗari shi ne ɗan batir mai kama da maɓallin riga, wanda ke zuwa cikin ƴan rimot na wasu rediyoyi. In ya maƙale a maƙogwaron yaro yana iya ƙona shi cikin awa biyu. Idan ana zaton yaro ya haɗiye shi, a garzaya asibiti nan da nan, kada a sa shi amai, kada a jira alamar ciwo. Matattun batura kuma ba abin wasan yara ba ne, ba a fasa su, ba a zubar da su kusa da rijiya ko a cikin shara da za a kai gona taki. A tara su a gwangwani mai murfi, a ajiye a inuwa, inda hannun yaro ba ya kaiwa.